Nicodemus: Ƙauyen Da 'Yantattun Bayi Suka Kafa A Filin Kansas

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙugin iska da kuke ji, nan haka take kaɗawa ba dare ba rana, don babu tsauni babu kurmi da zai tare ta. Muna arewa maso yammacin jihar Kansas ta Amurka, a kan babbar hanya mai lamba 24, cikin gundumar Graham. Malam, ɗan juya kyamara su gani. Duk inda ka waiga gona ce, har ido ya gaji. 'Yan gidajen can da kuke hangowa su ne garin da muka zo dominsa, Nicodemus. A ƙidayar 2020 mutum 14 aka samu a cikinsa. E, sha huɗu na ce.

Kafin mu shiga gari sai da na sa aka tsaya a bakin wannan gonar, domin abin da ke cikinta ɗan gida ne. Ku dubi zangarniyar nan. Dawa ce, jar dawa, ta nuna tana jiran girbi tunda Oktoba muke ciki. Sai dai gajera ce, iyakarta ƙugu, an gyara irin ne yadda injin girbi zai bi ta kai ya yanke, ya sussuke, ya sheƙe a tafiya ɗaya. Duk Amurka babu jihar da ta kai Kansas noman dawa, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: ruwan saman da ake samu a nan bai kai na Kano ba, dawa kuwa tana jure fari fiye da masara. Na gaisa da wani dattijo da ke duba motarsa a gefen gona, na ce masa, "Baba, mu a wajenmu wannan tuwo ce." Ya yi dariya ya ce tasu ta shanu ce. Gaskiyarsa. Yawancinta abincin dabbobi ake yi da ita, wata a tace ta a haɗa da man fetur, wata a loda ta zuwa Sin. Karan ma ba mai ɗauka, shanu ake sakar wa. Gonar da ke ɗaya gefen, wadda ta fara tsiro kore, alkama ce. Ana shuka ta Satumba zuwa Oktoba, ta kwana a ƙarƙashin dusar ƙanƙara duk hunturu, a girbe ta ƙarshen Yuni ko farkon Yuli.

To, mu shiga. Abin da ya bambanta wannan ƙauye da ɗaruruwan irinsa a wannan fili shi ne waɗanda suka kafa shi. Baƙaƙen fata ne da aka 'yanta daga bauta. An haramta bauta a Amurka a 1865, amma 'yanci ba tare da ƙasa ba bai ciyar da kowa. Yawancinsu sun ci gaba da noma gonakin tsofaffin iyayen gijinsu, a raba amfani, bashi kuma ya bi su shekara da shekara. Ita kuwa gwamnati tun 1862 ta yi dokar rabon fili a Yamma: ka je ka zauna a kan eka 160, wato wajen hekta 65, ka gina wurin kwana, ka noma ta shekara biyar, ta zama taka da takarda. Filin nan fa ba na banza ba ne tun asali, wurin farautar ƙabilun asali ne da aka tura gefe, amma wannan labarin wata rana ne.

A 1877 wani Bature mai dillancin filaye, W. R. Hill, ya haɗa kai da wasu baƙaƙen fata, cikinsu har da wani limamin coci, W. H. Smith, suka kafa kamfanin gari. Aka buga takardun talla, aka bi coci-coci a jihar Kentucky ana kwaɗaita wa mutane ƙasa mai albarka a bakin kogin Solomon. Dillali dai ko'ina dillali ne. A watan Satumba na shekarar mutum wajen 300 suka taso daga yankin Lexington, wani ayarin ya biyo baya a farkon 1878. Jirgin ƙasa iyakarsa garin Ellis, sauran kilomita 50 da ɗoriya a ƙafa ko a keken doki.

Abin da suka tarar shi ya fi tsaya mini a rai. Akwai wata mata, Willina Hickman, matar wani limamin coci da ta zo a 1878, wadda labarinta ya shahara. Ta ce da mazan suka yi shewa ga Nicodemus can, ta ɗaga kai ta duba ba ta ga gari ba. Sai mijinta ya nuna mata hayaƙi na fitowa daga cikin ƙasa. Mutane a rami suke zaune. Ta fashe da kuka. Babu itace a nan balle a yi gini da katako kamar Kentucky, sai a haƙa gefen tudu, a yanko ƙasa mai saiwar ciyawa a jera kamar tubali, a rufa. Girki da busasshen kashin shanu da karan furen rana. Ayarin farko sun iso damina ta wuce, babu shuka, babu dabbobin huɗa, ga hunturu ya kawo kai. Wasu ko kwana ba su yi da yawa ba suka juya. Zuriyar waɗanda suka tsaya suna ba da labarin cewa mafarautan ƙabilar Osage da ke wucewa sun raba musu nama a wannan sanyin. Wasu da fartanya da shebur suka fasa ƙasar da ba a taɓa noma ba, wasu suka riƙa tsintar ƙasusuwan ɓauna a daji suna sayarwa.

Cikin shekara goma gari ya bunƙasa. Shaguna, masaukin baƙi, banki, makaranta, coci-coci, har jaridu biyu. Wani mazaunin garin, Edward McCabe, a 1882 aka zaɓe shi babban mai binciken kuɗi na jihar Kansas baki ɗaya, shekara 17 kacal bayan haramta bauta.

Sai maganar layin dogo. A wancan zamani garin da jirgi bai ratsa ba ya mutu, domin alkamarka ba ta da hanyar zuwa kasuwa. Mutanen nan sun yi ta zawarcin kamfanonin jirgi. Missouri Pacific ya zo ya tsaya a Stockton, gabas da nan, bai ƙaraso ba. A 1888 Union Pacific ya shimfiɗa nasa layin ta ƙetaren kogi, ta kudu, aka kafa sabon gari a bakin layin mai suna Bogue, 'yan kilomitoci daga nan. 'Yan kasuwa suka kwashe, wasu har da ginin shagon suka ja suka tafi da shi. Wasu na cewa wariyar launi ce, wasu na cewa lissafin kamfani ne. Ni dai a ganina, ko wanne ne, hukuncin da aka yanke a ofis mai nisa ya yi wa garin ɓarnar da sanyi da yunwa suka kasa yi masa. Fari da guguwar ƙura na shekarun 1930 suka zo suka ƙarasa korar da yawa daga masu gona.

Wannan ginin na farin dutse da muke gabansa zauren taron gari ne, an gina shi a 1939 cikin shirin gwamnati na samar da aikin yi lokacin karyewar tattalin arziki, da dutsen da aka fasa a yankin nan. Yana cikin gine-gine biyar da suka sa majalisar Amurka ta mai da garin wurin tarihi na ƙasa a 1996. Sauran su ne coci biyu, tsohon masaukin St. Francis, da makaranta mai aji ɗaya a can gefen gari. Malam, bi titin nan a hankali. Kun ga faɗin titunan da filayen da ke tsakanin gida da gida? Duk an yanka su ne don garin da aka yi zaton zai cika.

Raguwar mutane ba ta Nicodemus kaɗai ba ce. Aikin da iyali goma suke yi da dawakai, yau mutum ɗaya da tarakta da injin girbi ya gama shi, don haka gonaki suna haɗewa a hannun 'yan kaɗan, matasa suna tafiya Denver da Wichita da Kalifoniya. Amma manoma baƙaƙen fata nasu ya fi tsanani. A 1920 sun haura 900,000 a Amurka, yau ba su kai 50,000 ba. Hana su bashin noma na gwamnati ya kai ga shari'ar da aka sasanta a 1999, bayan gonaki da yawa sun riga sun salwanta. Duk da haka akwai iyalai a nan da har yanzu ƙasar da kakanninsu suka samu da takarda tana hannunsu, wasu suna nomawa, wasu sun ba da haya suna zaune a birni. Wannan ƙasar ce take dawo da su. Ƙarshen makon ƙarshe na Yuli kowace shekara ana bikin 'yanci da dawowa gida, al'adar da ta faro tun 1878, sai ka ga ɗaruruwan 'ya'ya da jikoki sun cika garin mutum 14, ana fareti, ana gasa nama, ana ziyarar maƙabarta, tamkar yadda ƙauye ke cika ranar Sallah.

Wanda ke Amurka yake son zuwa, ya cika tankinsa tun daga Hill City ko Stockton, ya kuma riƙo ruwa da abincinsa. Mu yanzu Bogue muka nufa, in nuna muku garin da ya samu jirgin, da dogayen rumbunan da ake juye dawar nan. Shi ma mutanensa yau ba su kai 200 ba. Malam, tada mota, rana ta yi sanyi kuma ba mu yi la'asar ba.