Amsoshin Tambayoyinku: Wa ke jera ƙungiyoyin ƙwallon jami'o'in Amurka, mutum ko kwamfuta?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a shirin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙu uku ne a gabanmu yau, dukansu a kan ƙwallon jami'o'in Amurka, wadda ake rungumar ƙwallo ana gudu ana ture juna, mai kama da zari-ruga.

Ta farko daga Zariya take. Mai sauraronmu ya ce yana ganin lamba kusa da sunan ƙungiya, wannan ta ɗaya, waccan ta bakwai, alhali bai taɓa ganin teburin maki ba. Wa ke raba lambobin?

To malam, da za a iya yin teburi da tuni an huta. A Firimiyar Ingila ƙungiyoyi 20 ne, kowa ya kara da kowa gida da waje, wasa 38, teburi ya raba gardama. A babban rukunin jami'o'in Amurka kuwa ƙungiyoyi sun haura 130, kowacce kuma wasa 12 take bugawa kafin wasannin ƙarshen kaka. Yawancinsu ba za su haɗu ba. Shi ya sa tun 1936 kamfanin dillancin labarai na AP yake tambayar 'yan jaridar wasanni, yanzu su sittin da 'yan kai, kowa ya jero gwanayensa 25 duk mako. Ta farko maki 25, ta ƙarshe maki ɗaya, a tara a fitar da jeri. A 1950 masu horar da ƙungiyoyin ma suka fara tasu ƙuri'ar.

Ni ban taɓa sakin jiki da ƙuri'ar masu horarwa ba. Mutumin da ya wuni ranar Asabar a bakin fili yana fama da yaransa, yaushe ya kalli wasan wasu? Ga kuma jerin da ake fitarwa tun ba a taɓa ƙwallo ba, inda tsohon suna ke ɗaga ƙungiya sama, mai tasowa kuma ta yi ta hawa da ƙyar. Wani lokaci ma ƙuri'un biyu su saɓa, a ƙare da zakara biyu. A 1991 'yan jarida suka ba Miami, masu horarwa suka ba Washington. A 1997 aka sake, tsakanin Michigan da Nebraska.

Wasiƙa ta biyu daga Maraɗi, wata malama ce ke tambaya: ta ji an taɓa miƙa wa kwamfuta aikin, me ya sa aka ƙwace?

Malama, ba a taɓa miƙa mata shi ɗungurungum ba. A 1998 aka kafa tsarin BCS don a fitar da ƙungiyoyi biyu su buga wasan ƙarshe, aka haɗa ƙuri'un mutane da lissafin kwamfuta. Masu lissafin mutane ne sanannu, irin su Jeff Sagarin da Kenneth Massey da Wes Colley, kowa da dabararsa. Abin da suke bi shi ne wa ka doke, shi kuma wa ya doke, har a gano wanda ya bi ta hanya mai wuya da wanda ya yi ta cin ƙanana. Daga 2004 lissafi shida ake karɓa, a jefar da mafi sama da mafi ƙasa ga kowace ƙungiya, a yi aiki da huɗun da suka rage.

Amma ki lura da abin da aka yi a 2002. Hukumomin gasar suka hana masu lissafin duba tazarar ci, don kada manyan ƙungiyoyi su riƙa yi wa ƙanana ruwan maki. Niyyar mai kyau ce, sai dai ta rufe wa kwamfuta ido ɗaya. Shekara na zagayowa abin ya fito fili. A ƙarshen kakar 2003 ƙungiyoyi uku ne a gaba, Oklahoma da LSU da USC, kowacce an doke ta sau ɗaya. Oklahoma kuwa ba ƙaramin kashi ta sha ba a wasanta na ƙarshe, Kansas State ta lallasa ta da ci 35 da 7. Duk wanda ya kalli wasan ya san abin da ya gani, shi ya sa ƙuri'un biyu suka ɗora USC a kan gaba. A wajen kwamfuta kuwa, 35 da 7 daidai yake da rashin nasara da maki ɗaya, haka aka umarce ta. Ta duba ta ga abokan karawar USC ba su kai na sauran ƙarfi ba. Oklahoma da LSU suka je wasan ƙarshe, LSU ta ci 21 da 14. USC ta doke Michigan 28 da 14, AP ta ce ita ce zakara. Tsarin da aka kafa don kashe zakara biyu sai ga shi ya haifi zakara biyu.

Aka yi ca a kan kwamfuta. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, waɗanda suka rufe mata ido su ne suka fi ɗaga murya. Aka rage mata ƙarfi zuwa kashi ɗaya cikin uku, mutane suka riƙe biyu. Bai hana Auburn cinye duk wasanninta a 2004 ta tashi ba gurbi ba, kuma bayan wannan kaka AP ta janye ƙuri'arta daga tsarin. BCS ya rayu har kakar 2013.

Ta ƙarshe daga Kumasi: yanzu wa ke yanke hukunci, kuma an fi adalci?

Daga 2014 kwamiti ne mai mutum 13, har da Condoleezza Rice, tsohuwar sakatariyar harkokin wajen Amurka, cikin 'yan farko. Su shiga ɗaki, su duba wasanni da alƙaluma, su fitar da ƙungiyoyin da za su fafata neman kofi, waɗanda huɗu ne har kakar 2023. Ƙuri'ar AP tana nan, amma ba ita ke buɗe ƙofa ba. Batun adalci kuwa, ka tambayi magoya bayan Florida State. A 2023 yaran suka buga wasa 13 suka cinye duka, suka ɗauki kofin rukuninsu (an kasa ƙungiyoyin ƙananan rukuni-rukuni, kowanne da zakaransa), kwamiti ya ajiye su a na biyar ya ɗauki Alabama da aka doke sau ɗaya, saboda jagoran wasan Florida State, Jordan Travis, ya ji rauni a ƙafa. Wannan hukunci ya yi mini ciwo har yau. An hukunta su ne a kan hasashen wasan da ba a buga ba. Colley ya wallafa dabararsa, duk mai iya lissafi zai iya bi ya ga ko an yi kuskure. Abin da aka faɗa a ɗakin kwamiti kuwa, sai wanda shugabansa ya fito ya gaya maka.

Daga kakar 2024 an faɗaɗa gasar zuwa ƙungiyoyi 12, zakarun rukuni biyar suna da gurbi kai tsaye, Ohio State ce ta fara ɗaukar kofin a wannan tsari. Da shi ake a 2023, da Florida State ta shiga fili. Sauran gurabe bakwai dai har yanzu kwamitin ne ke raba su.

Nan za mu dasa aya, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.