Me zai kai ka asibiti alhali babu abin da ke damunka?

Assalamu alaikum 'yan'uwa na Aboabo, Asawase, Sawaba da sauran zangunan Kumasi. Sannunmu da wannan lokaci.

Mu dai yadda muka saba, sai ciwo ya kwantar da mutum ake zancen asibiti. Idan ka ce wa maƙwabcinka gobe za ka je ganin likita, abin da zai fara cewa shi ne, "Subhanallahi, me ya same ka?" Idan ka ce babu komai, sai ya yi maka kallon wanda kuɗi suka yi wa yawa. To a wannan bidiyo za mu yi magana ne kan wannan zuwan, na mutumin da ke tafiya da ƙafarsa, yana cin tuwonsa, yana zuwa kasuwa, amma ya ware rana ɗaya ya je a duba shi. Za mu ga abin da ake dubawa, da dalilin da ya sa ya fi kyau a riƙa komawa wuri guda.

Ku dubi lambobin nan biyu da ke kan allo: 140 a sama, 90 a ƙasa. Wannan ita ce iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa hawan jini. Ta sama tana nuna ƙarfin da jini ke dannan jijiyoyi lokacin da zuciya ta matse, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki kafin bugu na gaba. Duk wanda aka auna shi a ranaku biyu daban aka samu ya kai nan ko ya wuce, yana da hawan jini. Abin da ke tayar mini da hankali game da wannan ciwo shi ne yawancin masu shi ba sa jin komai. Ba ciwon kai, ba jiri. Mutum zai yi shekaru jininsa na sama, jijiyoyin ƙwaƙwalwa na gajiya, zuciya na kauri, ƙoda na lalacewa a hankali, shi kuwa yana can Kejetia yana ciniki. Ranar da abin zai bayyana, sai a ji an ce wane ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye, an wuce da shi asibitin Komfo Anokye. Sai mu ce ciwon farat ɗaya ne, alhali ya daɗe yana tafe.

Awon kuwa ko minti goma ba ya ci, amma yana da ladabi. Ka zauna ka huta minti 5 tukuna, bayanka a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, kuma ka yi shiru. Kada ka ci goro ko ka sha kofi ko taba cikin minti 30 kafin awo, domin suna ɗaga lambar. Wanda ya sauko daga turoturo da rana tsaka yana haki, aka ɗaura masa na'ura nan take, lambar da za ta fito ba tasa ba ce ta kullum.

Wannan ne ya kawo mu ga maganar likita guda. Ɗan kasuwa ba ya gane riba ko faɗuwa daga cinikin rana ɗaya, sai ya buɗe littafinsa ya bi watanni. Haka lambobin jikinka suke. Likitan da ke riƙe da fayil ɗinka zai ga cewa bara jininka 128 ne, da Ƙaramar Sallah ya koma 136, yau kuma 144, kuma nauyinka ya ƙaru. Zai ga inda abin ya dosa. Idan kuwa yau kana wannan asibiti, gobe kana kantin magani, jibi kana wurin masu awo kyauta a harabar masallaci, kowa lamba ɗaya ya gani, babu mai cikakken labari. Awon harabar masallaci abu ne mai kyau, Allah ya saka wa masu yi, amma ka karɓi takardar ka kai ta inda fayil ɗinka yake.

Wanda ya fi dacewa ya riƙe fayil ɗin nan shi ne likitan iyali. Wane ne shi? Likita ne da ya yi ƙarin karatu domin ya iya duba jariri da uwarsa da kakansa, ya bi ciwon da ke daɗewa, ya kuma san lokacin da ya kamata ya tura ka wurin ƙwararre. Kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta Ghana, wadda aka kafa a 2003, tana horar da irinsu. Ba kowace unguwa ke da su ba, wannan gaskiya ne. Amma ko babu, ka zaɓi wuri ɗaya da ke kusa da kai, asibitin gwamnati kamar na Manhyia ko wani ƙaramin asibiti mai rajista, ka buɗe kati a can, ka riƙe shi. Komfo Anokye asibitin koyarwa ne da ake tura manyan larurori, ba sai ka je ka bi layinsa domin awon jini ba.

Idan ka shiga, kada ka yi mamaki in ka ga tambayoyi sun fi gwaji yawa. "Alhaji, me ya yi ajalin mahaifinka? A gidanku akwai mai ciwon sukari? Sau nawa kake tashi fitsari da dare? Wane magani kake sha?" Wannan tambaya ta ƙarshe, don Allah a faɗi gaskiya. A kawo komai a cikin leda: na asibiti, na kantin magani, jiƙon gargajiya, har da na ƙarin kuzari da ake ɓoyewa a aljihu. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda masu dako da direbobi ke sha kusan kullum, suna iya ɗaga jini kuma su taɓa ƙoda idan aka daɗe a kansu. Likita ba zai sani ba sai ka faɗa.

Sai sukari. Ana auna shi da safe kafin a ci komai, bayan an yi aƙalla awa 8 ba abinci, don haka ranar a bar koko da ƙosai sai an fito. Idan lambar ta kai 7.0 ko ta wuce, kuma aka maimaita aka tabbatar, ciwon sukari ne. Tsakanin 6.1 da 6.9 gargaɗi ne, kuma nan ne ya fi daɗin kamawa, domin rage tumbi da tafiyar ƙafa na iya mayar da mutum baya. Akwai wani gwajin da ake kira HbA1c, mai nuna matsakaicin sukarin kimanin wata uku, sai dai yana iya ruɗarwa ga mai sikila, shi ya sa yake da amfani likitanka ya san nau'in jininka. Wanda ya riga ya kamu da ciwon sukari kuma, ban da awon sukari, sau ɗaya a shekara a duba masa ido da ƙoda, a kuma cire masa takalmi a duba tafin ƙafa. Ƙaramin gyambon da mutum bai ji zafinsa ba shi ne ke kai wa ga yanke ƙafa.

Bari in tsaya a kan abin da na fi so ku tafi da shi. Mma ta fara shan maganin hawan jini, bayan wata biyu aka auna aka ga 125 da 80, sai ta ce Alhamdulillahi ta warke, ta ajiye maganin. Maganin ne ya sauko da lambar, kuma da ta daina, jinin zai koma inda ya fito ba tare da ta ji komai ba. Idan maganin na kumbura mata ƙafa, ko yana sa ta tari ko yawan fitsari, wannan maganar komawa wurin likita ce, ya rage ko ya canza mata wani, domin iri-iri ne. 'Ya'ya da jikoki, ku ne masu lura da wannan. Ku duba kwalin, ku ƙirga ƙwayoyin. Idan hawan jinin ya kashe ƙoda, wankin ƙoda sau biyu ko uku ake yi a mako, kuma duk gidan da ya shiga wannan hali ya san abin da yake ci na kuɗi da na hankali.

Maganar abinci ba sai na ja ta ba. Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, wato cikin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano da kobi da momoni da shito. A jiƙa kifin gishiri a zubar da ruwan, a rage dunƙule, a ƙara daddawa da citta da tafarnuwa. Motsa jiki minti 150 a mako, ko tafiya da sauri bayan sallar asuba ta isa.

Akwai gwaje-gwaje biyu da galibi sau ɗaya ake yi, amma suna canza rayuwar gida gaba ɗaya. Na farko ciwon hanta nau'in B. Sai a 2002 Ghana ta sa rigakafinsa cikin alluran jarirai, don haka yawancin waɗanda aka haifa kafin nan ba a yi musu ba. Ana ɗaukarsa daga uwa lokacin haihuwa, ko ta jini, kamar askar da aka yi wa wani aski ko kaciya da ita ba a tsabtace ba, ko ta saduwa. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci a kwano ɗaya, saboda haka a daina ware wa mai shi kwanonsa. Idan gwaji ya nuna ba ka da shi, allura uku ce cikin wata 6. Idan kana da shi, a riƙa duba hantarka a kai a kai, a kuma gwada iyalinka. Na biyu sikila. A nan Kumasi aka fara gwada jarirai tun 1995, ƙarƙashin jagorancin marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong, amma har yau akwai masu sa ranar aure ba su san nau'in jininsu ba. Idan AS, wato mai ɗauke da gadon sikila amma ba ya ciwon, ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato mai ciwon sikila. A yi gwajin tun kafin a kai goro, lokacin da magana ba ta yi nauyi ba.

Iyayenmu mata, kun fi kowa sanin hanyar asibiti, ga awon ciki ga awon yara, amma da an yaye auta sai zuwa ya tsaya. Daga shekara 30 ya kamata a fara gwajin bakin mahaifa, domin larurar wurin tana ɗaukar shekaru kafin ta zama sankara, kuma idan aka ga alamar da wuri ana magance ta cikin sauƙi. A bari a duba nono, kuma duk ƙullutun da aka ji kada a tsaya shafa masa magani a gida. Kunya gaskiya ce, ba na raina ta. Hajiya tana da damar ta ce mace take so ta duba ta, ta faɗa tun a wurin yankar kati. Wadda kuma jininta ya taɓa hawa lokacin ciki ta sanar da likita ko da shekaru sun wuce, domin ta fi sauran mata kusa da hawan jini a gaba.

Maza daga shekara 45 zuwa 50 su tayar wa likita da maganar furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, musamman idan fitsari ya fara tsinkewa ko akwai wanda ya yi ciwon a dangi. Kowa kuma da ya haura 40 ya je a auna masa ƙarfin ruwan ido, domin gulakoma, cutar da hawan ruwan ido kan kawo, ta yi yawa a ƙasar nan, tana cin gani daga gefe, kuma abin da ta ci ba ya dawowa.

Kada kuma a ɗauka yawan gwaji shi ne kulawa. Za ku ga masu yawo da wata na'ura, ka riƙe ƙarfe a hannu, kwamfuta ta jero maka cututtuka ashirin, sannan a fito maka da maganin sayarwa. Ku riƙe kuɗinku. Likitan kirki yana zaɓar gwaji ne bisa shekarunka da tarihin gidanku, kuma zai iya gaya maka dalilin kowanne.

Sau nawa za a je? Baligi mai lafiya, sau ɗaya a shekara tsari ne mai sauƙin riƙewa. Mai hawan jini ko sukari, ranar da likita ya rubuta masa. Ga mu Musulmi akwai lokaci mai kyau: watan Rajab. Masana ciwon sukari suna so a ga mai ciwon mako 6 zuwa 8 kafin Ramadan, a tsara masa magani tsakanin sahur da buɗa-baki, a kuma gaya masa gaskiya idan azumin zai cutar da shi. Wanda sukarinsa ya sauka ƙasa da 3.9 yana azumi, ya karya nan take. Maniyyata su ma kada su tsaya a allurar rigakafi kaɗai, su je da maganin da zai ishe su har su dawo.

Batun kuɗi kuwa, inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, wadda aka kafa da dokar 2003, tana ɗaukar ganin likita da magungunan hawan jini da sukari da ke cikin jerinta. Yara 'yan ƙasa da 18, da masu ciki, da dattawan da suka kai 70 ba sa biyan kuɗin shekara irin na sauran mutane. Ana sabunta kati ta waya, a danna *929#. Ku duba naku yau, kada sai an isa gaban tebur a ce ya mutu. Wasu gwaje-gwajen za ka biya daga aljihunka, don haka ka tambayi farashi kafin a ɗebi jini.

Akwai kuma abin da ba a jira masa ranar komawa. Idan baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji ya yi nauyi tare da gumi da ɗaukewar numfashi, a lura da ƙarfe nawa abin ya fara, a kira 112 ko a nemi mota mafi kusa zuwa sashen gaggawa. Kada a ɗura wa mutumin ruwa ko magani, domin zai iya shaƙewa, kuma a tafi da katinsa da ledar magungunansa.