Ba kowane sabon kwali ne sabon jirgi ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau hira ce da masu haɗa ƙananan jiragen ruwan yaƙi na roba, irin wanda zaka siyo a kwali ka yanka ka manna da gam ka shafa fenti da hannunka. Tambayar da ake yawan yi min ita ce wai ta yaya mutum zai dinga sanin sabbin kit, wato kwalayen sassan jirgin da ake haɗawa, da suke fitowa, kuma cikin waɗanda suka fito ɗin wanne ne ya cancanci ka sa kuɗinka. Toh ni dai a wajena sanin cewa abu ya fito ba shi ne wahalar ba, wahalar ita ce gane ko abinda aka kira sabo ɗin da gaske sabo ne, dan haka nan zan fi daɗewa.

Kunga wannan kwalin da ke gabana, hoto mai kyau, jirgi yana keta ruwa igwa tana aman wuta, a gefe an rubuta sabuwar fitowa. Amma robar da ke ciki ba daga hoton take fitowa ba, daga mazubi take fitowa, wato wani ƙaton ƙarfe da aka sassaƙa siffar kowane ɓangare na jirgin a jikinsa, a narka roba a tura ciki da ƙarfi ta daskare. Sassaƙa wannan ƙarfen shi ne yake cin kuɗin kamfani sosai, shi yasa in suka yi guda ɗaya sai su yi shekara talatin arba'in suna zubi da shi, kwali kawai ake canzawa. Kenan in kaji ance sabo, zai iya zama sabon mazubi ne gaba ɗaya, wanda a sanarwa suke rubuta New Tool, zai iya zama tsohon mazubi ne aka ƙara masa 'yan sassa kaɗan, zai kuma iya zama tsohon ne tsaf ba abinda aka taɓa sai hoto da sitika. Akwai ma wanda robar ta wani kamfani ce daban aka zuba a kwalin wani, kamar yadda Revell na Jamus yake yi da wasu kayan ICM na Yukren, kuma wannan ba laifi bane ko kaɗan, wani lokacin ma ta haka ne kit mai kyau yake isa inda da ba zai je ba, kawai dai ka sani kar ka siyi abu ɗaya sau biyu.

Misali mai sauƙi, Yamato, babban jirgin yaƙin Japan, na kamfanin Tamiya a sikeli 1/350, wato an rage tsawon jirgin gaske sau 350. Akwai tsohon zubi tun ƙarshen shekarun 1970, akwai kuma sabo da suka fitar a 2011 wanda aka sake sassaƙawa daga farko. Kamfani ɗaya, jirgi ɗaya, sikeli ɗaya, amma in ka buɗe su gefe da gefe kamar ba gida ɗaya suka fito ba, yawan sassa ba ɗaya ba, kaifin aiki ba ɗaya ba, lokacin da zaka ɓata a kai ma ba ɗaya ba. Wanda bai sani ba sai ya ga sunan kawai ya ɗauka.

Ni kaina ya taɓa faruwa da ni, na yi wata da watanni ina jiran wani jirgi da aka sanar, ya iso na buɗe, sai naga rarar roba duk ta fito a gefen sassa, ɓarin jikin jirgin biyu sun ƙi haɗuwa sai da na cika tsakaninsu da foti, wato ƙullun cike rata, na bi da samfefa kwana da kwanaki, da na leƙa cikin cikin jirgin sai ga shekarar da aka yi mazubin a rubuce, ta girme ni. Abin ya min ciwo gaskiya, ba dan tsohon kit bashi da daɗin haɗawa ba, sai dan ba shi na zata ba. A nan nake yabawa Airfix na Ingila, tsofaffin jiragensu na 1/600 irinsu HMS Hood da Bismarck da aka sassaƙa tun shekarun 1960 sun ware su ƙarƙashin suna Vintage Classics, kana gani ka san tsohon hannu ne, in kana so dan tuna baya ka ɗauka da saninka.

Toh yaya zaka gane kafin ka biya. Ka ɗauki lambar kit ɗin ka saka a Scalemates, rumbun bayanai ne na kayan haɗi, zai jero maka tarihin mazubin kamar salsalar dangi, shekarar da aka fara zubi da shi da duk kwalin da ya taɓa shiga. Minti biyu ne. In kuma kwalin yana hannunka duba jikin firam ɗin robar da sassa suke maƙale a jiki ko cikin jirgin, sau da yawa shekarar tana nan.

Sai maganar lokaci, dan sanarwa tana da kakarta. Farkon shekara a Janairu kamfanonin Turai irinsu Airfix da Revell suke fitar da jerin abinda suke shirin kawowa, sannan ƙarshen Janairu zuwa farkon Fabrairu ake babban baje kolin kayan wasa na Nuremberg a Jamus. Watan Mayu kuma Shizuoka Hobby Show a Japan, wannan shi ne wanda mai son jirgin ruwa bai kamata ya bari ya wuce shi ba, saboda Tamiya da Hasegawa da Aoshima da Fujimi duk 'yan yankin Shizuoka ne, a gida suke baje kaya. Wajen Satumba ko Oktoba akwai wani a Tokyo, Nuwamba kuma Scale ModelWorld a Telford ta Ingila. Ba sai ka je ba, hotuna da bidiyo suna cika intanet a ranar. Kamfanonin China su kam, Trumpeter, HobbyBoss, Flyhawk, Very Fire, ba sa jiran kowa, ko yaushe zaka iya tashi ka ga sun saki hoton sabon abu, dan haka su sai dai ka dinga leƙawa lokaci lokaci.

Amma fa sanarwa daban fitowa daban. Matakai ne. Da farko suna kawai zaka gani a katalog, wani lokacin da hoton jirgin gaske baƙi da fari. Daga nan zanen kwamfuta, wanda kullum yana da kyau saboda a kwamfuta komai siriri ne komai ya zauna daidai. Sai zubin gwaji, robar farko da ta fito daga mazubi, yawanci toka toka ba fenti, toh a nan ne nake fara ɗaukar maganar da muhimmanci domin ya nuna an riga an sassaƙa ƙarfen, kuɗi ya riga ya shiga. Sai hoton kwali, sai kaya su shiga kasuwa. Tsakanin matakin farko da na ƙarshe zai iya zama wata shida, zai iya zama shekaru, akwai sunayen da suka zauna a katalog shekara da shekaru ba a ga ko ɓallin su ba. Shi yasa bana son mutum ya ajiye aikin da ke kan teburinsa wai yana jiran wanda aka sanar. Ka cigaba da naka, in ya zo ya zo.

Wani abu da yake ruɗa sabbin shiga shi ne shekarar da aka rubuta a gaban sunan jirgin. Jirgin yaƙi ba ya zama yadda aka ƙera shi, kullum ana cire wannan ana ɗora wancan. Yamato na 1941 yana da gidajen igwa masu inci shida da ɗoriya a gefe da gefe, a 1944 aka cire na gefen aka cika wajen da bindigogin harbo jirgin sama, zuwa tafiyarsa ta ƙarshe a Afrilu 1945 duk saman ya zama kamar bushiya. USS Missouri na ranar 2 ga Satumba 1945 da aka sa hannu kan miƙa wuyan Japan a kansa, da Missouri na 1991 mai ɗauke da makamai masu linzami na Tomahawk da Harpoon, jiki ɗaya ne amma sama ya canza sosai. Kamfani zai fitar da duka biyun daga mazubi ɗaya da ƙarin firam ɗaya ko biyu, kuma kowanne za a kira shi sabo. Haka 'yan uwan juna, wato jiragen da aka ƙera a kan tsari ɗaya, in Bismarck ya fito ka sa ran Tirpitz yana tafe, in Yamato ya fito Musashi na biye, in Iowa ce akwai New Jersey da Missouri da Wisconsin. Wannan yana da amfani a sani, saboda in ba wanda ya fara fitowa kake so ba, haƙurin 'yan watanni kaɗan zai iya kawo maka ainihin naka ba sai ka yi ta yanka da gyara ba.

Sikeli kuma ka tsaida shi tun wuri, shi ne zai rage maka rabin hayaniyar. Yamato tsawonsa mita 263 ne, a 1/700 zai zo wajen santimita 37, a 1/350 santimita 75, a 1/200 kuwa ya haura mita ɗaya da santimita 30, sai ka tanadar masa teburi nasa shi kaɗai. 1/700 shi ya fi yawan jirage, asalinsa daga Water Line Series ne da kamfanonin Shizuoka huɗu suka fara a 1971, suka raba jiragen sojan ruwan Japan a tsakaninsu kowa ya ɗauki nasa, jirgin kuma ana yanke shi daidai inda ruwa yake tsayawa yadda in ka ajiye shi kamar yana kan teku. Fujimi ya fita daga haɗakar a 1992 ya kama gabansa. Yanzu Flyhawk sun zo sun ɗaga 1/700 zuwa wani mataki, sassa ƙanana kamar ƙwayar gero sai da hantsaki da gilashin ƙara girma, kuma abinda ya sa nake ƙaunarsu shi ne sun taɓo jiragen da aka daɗe ana watsi da su, irinsu Derfflinger da Lützow na Jamus na yaƙin duniya na ɗaya da HMS Hermes. Dan gaskiya Yamato da Bismarck sun isa haka, kusan kowane kamfani yana da nasa, ni in naga an sanar da wata ƙaramar kuruza ko distiroya, wato jiragen yaƙin da ba su kai waɗancan girma ba, da ba a taɓa yi a roba ba ta fi faranta min rai nesa ba kusa ba.

Sai kayan ƙari. Kit yana fitowa, bayan 'yan watanni masu kayan ƙari suke biyo baya, Eduard na ƙasar Czech da siraran farantan tagulla na shingen gefe da tsani da rada, Master na Poland da bakin igwa na ƙarfe, Pontos da Artwox na Koriya ta Kudu da daben katako, ga kuma masu buga sassa da firintar 3D da suka cika ko'ina yanzu. In kai mai son cikakken aiki ne, siyan kit ranar da ya fito ba zai sa ka fara ranar ba, zaka zauna jiran waɗannan ne. Kuma ka kula, kayan ƙari na mazubi ɗaya ake aunawa, daben katakon da aka yanka dan Bismarck na Revell ba zai zauna a na Tamiya ba ko da sikelinsu ɗaya, ka duba lambar kit ɗin da aka rubuta a jiki.

Wajen da nake yarda mutum yayi oda tun kafin kaya su fito guda biyu ne. Na farko bugu na musamman da ake haɗo tagulla da bakin igwa a cikin kwali ɗaya, irin wanda Flyhawk suke yi, dan wani lokacin in ya ƙare sai na gama gari kawai zaka samu. Na biyu kayan rezin na ƙananan kamfanoni, wato ruwan roba da ake zubawa ya daskare da kansa, su ba mazubin ƙarfe suke amfani da shi ba, na roba mai laushi ne da yake lalacewa bayan an yi zubi kaɗan, in ya ƙare ba tabbas za a sake. Banda waɗannan, kit ɗin roba na babban kamfani ba gudu zai yi ba, ka bari wani ya buɗe kwalin a gaban kyamara ka ga firam ɗin da idonka, in son samu ne ma ka jira wanda ya haɗa shi har ƙarshe, saboda buɗe kwali ba ya nuna ko dabe zai zauna a jikin jirgi ba rata, sai an sa gam ake sani.

Ni yadda nake yi, ina da ɗan littafi, duk abinda aka sanar ya burge ni sai na rubuta sunan jirgi da shekararsa, kamfani, sikeli, lambar kit, da matakin da yake, suna ne kawai ko zane ko an ga roba. Bayan Nuremberg na buɗe shi, bayan Shizuoka na sake buɗewa, sai kuma ƙarshen shekara. Wanda naga har yanzu raina yana kansa bayan wata shida shi nake sa wa alama, sauran na ja musu layi, kuma zaka yi mamakin yawan waɗanda ake ja wa layin. A gefen kowanne ina rubuta tsawonsa da santimita, sai na ɗauki tef na auna inda zan ajiye shi kafin na tura kuɗi.