Amsoshin Tambayoyinku: Tarihin Footlights, ƙungiyar barkwancin ɗaliban Cambridge

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙu uku ne a gabana yau, kuma duka ukun wuri ɗaya suka dosa.

Ta farko daga wani ɗalibi ce a Zariya, wanda ya ce shi da abokansa suna ɗan taɓa wasan barkwanci a makaranta. Ga abin da ya rubuto: "Na ji an ce akwai wata ƙungiyar ɗalibai a Ingila da ta haura shekara ɗari tana wasan ban dariya, kuma manyan 'yan wasan ƙasar daga cikinta suka fito. Don Allah a ba ni tarihinta. Me ya hana ta mutuwa?"

To Malam, ƙungiyar da kake nufi ita ce Footlights ta Jami'ar Cambridge. Sunan nata na fitilun nan ne da ake jerawa a bakin dandamali, daidai ƙafafun 'yan wasa, domin su haska fuskokinsu. A watan Yunin 1883 ta yi wasanta na farko. Da ma tun 1855 akwai wata ƙungiyar wasan kwaikwayo a jami'ar, sai dai akasarin 'yan cikinta daga kwaleji guda suke, wato Trinity, zaurenta kuma ɗan ƙarami ne. Samarin da suka kafa Footlights so suke a buɗe ƙofa, har mutanen gari su shigo kallo. Suka mayar da abin al'ada, duk shekara a makon shagulgulan ƙarshen zangon karatu sai su fito da babban wasansu. Da farko dogayen wasannin raha masu waƙe-waƙe suke yi. Daga baya suka koma salon da aka san su da shi yanzu, wato jerin gajerun wasanni, kowanne 'yan mintoci, wannan ba ruwansa da labarin wancan, ana gama ɗaya a kashe fitila a kunna a shiga na gaba.

Sunanta ya fita duniya ne daga 1960. Shugabanta na wannan shekarar, Peter Cook, da wani tsohon ɗan ƙungiyar, Jonathan Miller, suka haɗu da Alan Bennett da Dudley Moore na Jami'ar Oxford, suka yi wasa a bikin fasahohi na birnin Edinburgh. A cikin wasan Peter Cook ya riƙa kwaikwayon murya da tafiyar firaminista mai ci, Harold Macmillan, abin da ba a saba gani a dandamalin Birtaniya ba a wancan zamani. Wasan ƙungiyar na 1963 kuwa, wanda John Cleese da Graham Chapman ke ciki, daga Cambridge ya wuce manyan gidajen wasa na Landan, a 1964 ya ƙetara har New Zealand da Amurka. Su biyun nan da Eric Idle, shi ma ɗan Footlights, su ne rabin mutum shidan da suka kafa ƙungiyar barkwanci ta Monty Python a 1969.

Sai batun abin da ya hana ta mutuwa, kuma nan nake so ka ba ni hankalinka, tunda kai ma ɗan hannu ne. Ɗalibi shekara uku yake yi ya tafi, shugabanni kuma duk shekara ake sauya su. Ƙungiyar da ta jingina da gwani ɗaya, ranar da ya karɓi takardarsa ranar za ta watse. A ganina abin da ya riƙe Footlights wani ƙaramin taro ne da suke kira Smoker, sunan da ya samo asali daga tarukan nishaɗin maza na da, inda ake zuƙar taba ana kallo. A kai a kai ake yin sa cikin zangon karatu, da daddare. Ɗalibi ya rubuto ɗan wasansa da hannunsa, ya zo a gwada shi, in ya tsallake ya hau dandamali gaban 'yan'uwansa ɗalibai. In an yi dariya ya san ya dace. In zaure ya yi tsit, ya koma ɗaki ya gyara, wani taron na nan tafe ba da jimawa ba. A nan sabon shiga yake koyo daga na gaba da shi, a nan kuma ake gane waɗanda za a damƙa wa babban wasan shekara da za a kai Edinburgh. Don haka Malam, in kuna son taku ta yi ƙarko, ku yanke ranar da za ku riƙa haɗuwa ba fashi, kowa ya zo da sabon rubutu, 'yan ajin farko su ma a ba su fili.

Wasiƙa ta biyu gajera ce, daga wani direba a Kumasi: "Shin Mr Bean ɗan wannan ƙungiyar ne?"

A'a Malam. Rowan Atkinson, mai fitowa a Mr Bean, ɗan Oxford ne. Injiniyan lantarki ya karanta a Jami'ar Newcastle, ya je Oxford ƙaro ilimi, can ya shiga tasu ƙungiyar barkwancin, Oxford Revue. Ba kai kaɗai ke haɗa su ba, domin ya yi wasannin talabijin tare da 'yan Footlights irin su Stephen Fry da Hugh Laurie.

Ta uku daga wata malamar makaranta ce a Maraɗi. Ta ce: "Duk sunayen da nake ji na maza ne. Ana barin mata su shiga kuwa? Kuma akwai ɗan Afirka da ya taɓa yin fice a cikinta?"

Malama, kin taɓo inda tarihin ƙungiyar ba shi da kyau. Shekaru da dama maza ne ke sa tufafin mata su fito a matsayinsu. A 1932 an gwada saka mata a babban wasan shekara, abin bai karɓu ba, sai wasan 1933 aka raɗa masa sunan da ke nufin an daina sa mata. Ita kanta jami'ar sai a 1948 ta fara ba mata cikakken digiri. Ko bayan an fara gayyato ɗalibai mata su fito a wasa, ba a ba su katin zama 'yan ƙungiya. Sai a 1964, lokacin shugabancin Eric Idle, aka buɗe musu ƙofa, Germaine Greer 'yar Ostireliya, wadda daga baya ta shahara wajen rubutu kan haƙƙin mata, ta zama ɗaya daga cikin matan farko da suka shiga. Shekara tamanin da ɗaya ke nan da kafuwa. Abin yana damuna in na tuna yawan 'yan mata masu baiwa da suka zo Cambridge suka tafi ba wanda ya ji muryarsu.

Dubi kuma abin da ya biyo baya. Jan Ravens, mace ta farko da ta shugabanci ƙungiyar, ita ta ba da umarnin wasan 1981, wanda ya ci kyautar Perrier a Edinburgh, kyautar da a shekarar aka fara bayar da ita ga gwanayen barkwanci. Cikin 'yan wasan akwai Stephen Fry da Hugh Laurie da Emma Thompson. Shi Hugh Laurie tseren kwalekwale ya sa gaba a jami'a, rashin lafiya ce ta raba shi da ruwa ta kai shi dandamali. Ita kuwa Emma Thompson ta ci kyautar Oscar sau biyu, ɗaya ta fitowa a fim, ɗaya ta rubuta wani fim. Olivia Colman, wadda ta ci Oscar a 2019, ita ma ta bi ta Footlights.

Game da ɗan Afirka, akwai Richard Ayoade. A Landan aka haife shi a 1977, mahaifinsa ɗan Najeriya ne, mahaifiyarsa 'yar Norway. Shari'a ya karanta a Cambridge, ya shugabanci ƙungiyar daga 1997 zuwa 1998, ya kuma yi suna a talabijin ɗin Birtaniya da ba da umarnin finafinai. Mataimakinsa a lokacin shi ne John Oliver, wanda yanzu ke gabatar da shirin barkwancin siyasa a Amurka. Duk da haka, Malama, har yau ana sukar ƙungiyar da cewa 'ya'yan masu hali waɗanda suka fito daga makarantun kuɗi sun yi mata yawa, kuma ni ina ganin sukar tana kan hanya.

Lokaci ya cimmana. Ɗalibinmu na Zariya, in kun fara taron naku ka rubuto mana yadda daren farko ya kasance. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.