Sharhi: Ƙaron dakwara, daga allon almajiri zuwa kwalbar lemo

Assalamu alaikum jama'a masu saurarenmu a Damagaram da kewaye. Sharhinmu na yau a kan ƙaro ne.

Duk wanda ya yi karatun allo a Birni ko Zango ya san shi. Malam zai kankaro baƙin tukunya, ya jiƙa ƙaro ya haɗa, sai tawada ta kama allo ta yi sheƙi. Masu wankin hula ma sun san shi, don da shi take tsayawa ƙyam. Yaro makiyayi kuwa, in ya gan shi a jikin icce, ɓamɓarowa yake ya jefa baki. Iyakar sanin yawancinmu ke nan.

To amma a waje, wannan ƙaro na dakwara kayan masana'anta ne. A Turai har lamba gare shi, E414, kuma in kun duba bayan takardar alewa ko cingam kuna iya ganinta. A cikin lemon kwalba shi ke riƙe man ƙamshi kada ya rabu da ruwa ya taso sama. Masu haɗa magani suna ɗaure garin ƙwaya da shi, suna kuma sa shi a maganin tari na ruwa don ya yi kauri. Yana cikin fenti na masu zane, kuma da shi aka daɗe ana yin danƙon bayan kan sarki. Ƙaron kukuki ma na da tasa kasuwa: ana yin maganin taurin ciki da shi, da abin liƙa haƙoran roba.

Ku ji irin darajarsa. Kafin 2023, Sudan ce ke fitar da wajen kashi 70 cikin 100 na ƙaron da duniya ke saye. Da Amurka ta ƙaƙaba mata takunkumi a 1997, sai da aka bar wa ƙaro ƙofa, saboda kamfanonin Amurka ba su da abin da zai maye gurbinsa. Yaƙin da ya ɓarke can a watan Afrilun 2023 ya dagula hanyar wannan kaya, masu saye suka ƙara waiwayen Cadi da Najeriya.

Mu fa? Ƙasar Gure har zuwa Maine-Sorowa ƙasar dakwara ce, kuma Nijar ta taɓa fitar da ƙaro sosai kafin farin 1973 da na 1984 su cinye itatuwa. Abin da fari ya rage, gatari na bin sa. Abin da ke damuna, jama'a, shi ne yadda muke ɗibar wanda ya saura. Mafi yawa tsintuwa ce: a jira ya fito da kansa, a haɗa na dakwara da na dushe da na taramniya buhu ɗaya, ga yashi ga ɓawo. Mai saye kuwa ba wawa ba ne, kuɗin mafi ƙasƙanci zai biya a kan duka.

Alhali aikin ba mai wuya ba ne. In damina ta ɗauke, ganye ya fara kaɗewa, sai a ɗan tsage ɓawon reshe, ba tare da an sari naman iccen ba. Bayan sati biyar ko shida sai a zo a ɗebi dunƙulen farko, a ci gaba da zagayowa cikin rani, lokacin da aikin gona ya ƙare kuma samari ke shirin tafiya cin rani. Icce ɗaya ba ya ba da da yawa, sau da yawa ko rabin kilo ba ya kaiwa a shekara, don haka sai da garka, ba icce biyu ko uku ba.

Gona ma na ƙaruwa. Saiwar dakwara na ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar yadda wake ke yi, tana riƙe yashi, awaki da raƙuma na cin ganyenta. Shi ya sa take cikin itatuwan da ake dasawa a shirin shingen itatuwa na Afirka da aka ƙaddamar a 2007. Wanda ya dasa bana, sai ya haƙura shekara huɗu ko biyar kafin tsagar farko, kuma a tsakanin nan babban aikinsa shi ne tsare dashen daga bakin akuya.