Ina hayaƙin yake tafiya? Lacca kan injin leza a cikin gida

Wani mai sana'ar yankan leza ne ya yi wa matasan Hausawa wannan lacca a Jidda, bayan sallar isha'i. An rubuto ta daga muryar da aka naɗa, an rage maimaici.

Assalamu alaikum. Iyayena, yayyena da ƙannena, Allah ya saka da alheri da kuka zauna.

Na san yawancinmu ko mun riga mun sayi injin nan, ko muna tara kuɗinsa. Sunan amarya a kan akirilik, robar nan mai kama da gilashi, ayatul kursiyyu a katako, akwatunan dabino na azumi, tsarabar alhazai, duk ana samun na abinci. Amma duk wanda ya zo wurina tambayarsa ɗaya ce: mai wat 60 zan saya ko mai 100? Har yau ba wanda ya fara da tambayar inda hayaƙin zai bi, alhali nan ne lafiyar gidanka take.

Leza ƙonawa take yi. Siririn layin nan da ya ɓace daga jikin allo, hayaƙi ya koma, da ƙura mai laushin da ido ba ya gani. Katakon MDF garin itace ne da aka haɗa da gam mai fomaldihaid, kuma tun 2004 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke Liyon a Faransa, ta sa wannan sinadari cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam cutar daji. Akirilik yana da wani wari mai ɗan zaƙi-zaƙi, kada ya ruɗe ka, yana sa ciwon kai da yajin ido.

Akwai kuma wanda babu fankar da za ta halatta maka yanka shi, wato robar PVC. A shekarata ta farko an kawo mini fatar roba, ashe ta PVC ce, in yanka bangon littattafai. Na yi kwana biyu a kai. Maƙogwarona ya riƙa ƙuna kamar na haɗiyi barkono, 'yata ƙarama da ke kwana a ɗakin da ke jikin nawa ta kwana tana tari. Bayan mako guda na buɗe injin, na ga ƙarafan da kan lezar ke gudu a kansu sun yi tsatsa ja, har kusoshin. Iskar da PVC ke fitarwa in ta haɗu da danshi, asid take zama, ga kuma danshin Jidda kun san shi. Abin da ya ci ƙarfe cikin mako guda, shi yarinyar ta shaƙa. Har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Gwajin kuwa ba wuya. Ka gasa wayar tagulla ta yi ja, ka dangwala a jikin robar, ka mayar cikin wuta. In harshen wutar ya koma kore, akwai kilorin, sinadarin da ke cikin PVC, ka mayar wa mai kaya kayansa. A waje ake wannan gwaji.

To, mu zo kan tsarin.

Fankar zuƙa, wadda muke ce wa shaffaɗ a nan, a ƙarshen bututu ake sa ta, dab da inda iska za ta fita. Wannan shi ne abin da aka fi kuskurewa. In ka manna ta a bayan injin, tura hayaƙi take yi cikin bututun, duk wata 'yar ɓula sai ta feso maka shi cikin ɗaki. In tana can bakin fita, zuƙowa take yi, ko da akwai ɓula iskar ɗaki ce za ta shiga, hayaƙi ba zai fito ba. Fanka ɗaya, kuɗi ɗaya, wurin ajiyewa kawai ya bambanta.

Bututu kuma ya zama na ƙarfe mai santsin ciki. Mai lanƙwasa ɗin nan kamar wuyan raƙumi da ke zuwa cikin kwalin injin, ƙunƙunsa suna riƙe iska suna tara dattin da ke iya kamawa da wuta. Kada ka rage faɗi. Bakin inci 6 ya ninka na inci 4 fiye da sau biyu, don haka wanda ya matse 6 zuwa 4 saboda ramin bangonsa ƙarami ne, ya shaƙe fankarsa da hannunsa. Ka gajarta hanya, ka rage kwana, ka naɗe mahaɗai da tef ɗin alminiyam.

Yanzu ga matsalarmu ta Saudiyya. Ɗakunanmu a rufe suke ruf saboda mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, shi kuwa na bango iskar ɗakin yake juyawa, ba ya shigo da sabuwa. Ɗauki ɗaki mai mita 4 da 4, tsayi mita 3, kubik mita 48 ke nan na iska. Fanka mai jan kubik mita 400 a awa za ta kwashe iskar ɗakin nan fiye da sau 8 a awa. Daga ina madadinta za ta zo? In babu mashiga, sai ka ji fankar tana ƙugi, ƙofa ta yi nauyin buɗewa, hayaƙi kuma yana lilo cikin injin. Dole ka bar mashiga a ɗaya gefen, nesa da mafita. Sanyi zai ragu, kuɗin wuta zai ƙaru, na sani. Ni na zaɓi in biya, in kuma yi manyan ayyuka bayan asuba ko da dare.

Sai mafita. Don Allah, ƙannena, kada wanda ya zura bututunsa cikin manwar, ramin nan na tsakiyar bene da tagogin kicin da na banɗaki ke buɗewa cikinsa. Hayaƙin hawa zai yi ya shiga kicin ɗin mutanen sama, matar mutum na girki, jariri na goye. Haƙƙin maƙwabci ba abin wasa ba ne. Ka nemi izinin mai gida ka kai shi saman rufi, ya ɗara tsayin mutum, nesa da taga da igiyar shanya. Iskar Jidda galibi daga arewa maso yamma take kaɗawa, ka duba wa ke kudu da kai. Ka sa ɗan murfin da ke rufe kansa in fanka ta tsaya, saboda ƙura da tsuntsaye.

In ka gama, kunna turaren tsinke. Bi da shi gefen murfin injin da kowace mahaɗa. Ko'ina hayaƙin turaren ya kamata ya lanƙwasa ya shige ciki. Inda ya kauce waje, nan aikinka yake.

Na'am, Hajiya, ina jin ki.

Hajiya tana cewa ita a hawa na biyu take haya, ba ta da hanyar zuwa rufi. To Hajiya, sai matatar iska, kuma hawa uku ce. Ta farko tana tare manyan ƙura, ita ce mai arha, a riƙa canja ta a kai a kai don ta kare na bayanta. Ta biyu HEPA, tana kama kashi 99.97 cikin 100 na ƙura mai laushin da girmanta maikiron 0.3 ne, amma ba ta kama wari ko iskar guba. Wannan aikin gawayi ne na musamman, kuma ana son mai nauyin kilo-kilo, siririn soso baƙi ba ya yin komai. Gawayin yana ƙoshi. Ranar da kika fara jin wari a bakin mafita, ya gama aiki, ki tsaya sai an canja. MDF yana toshe matata da wuri, ki fi karkata ga akirilik da falankin itace na gaske. In yanka ya ƙare kuma, ki ƙirga talatin kafin ki ɗaga murfi, fanka na ci gaba da ja, kuma kada ki bar injin yana aiki ki shiga kicin ko na minti ɗaya, tukunyar kashe gobara tana kusa da hannunki.

Akwai wani mai tambaya a baya can? Bismillah, Malam, ɗaga murya.