Amsoshin Tambayoyinku: Hawayen Jaruma da Muryar da Ba Tata Ba

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan finafinan soyayya suka taru, na Arewa24 da na YouTube da waɗanda ake turowa a waya daga shago.

Ta farko daga wata baiwar Allah ce a Gwammaja. Ta ce finafinai biyu ta kalla masu labari iri ɗaya, an raba yarinya da saurayinta an yi mata auren dole. Ɗaya ya sa ta kuka har ta kasa cin tuwon dare, ɗayan kuwa ko gezau. Ina bambancin yake?

To Malama, kukan da kike gani ba sau ɗaya ake ɗaukarsa ba. Ana fara ɗaukar ɗakin gaba ɗaya daga nesa, sannan a matso da kyamara kan fuskar kowane ɗan wasa, a sake maganar tun daga farko. Galibi da kyamara ɗaya ake aiki, don haka jaruma za ta yi kukan nan sau uku ko huɗu, har fiye idan janareta ya mutu ko ɗan sahu ya wuce da ƙara. Wadda ba ta goge ba takan zubar da duk abin da ke ranta a ɗauka ta farko, ta nesa, inda ba a ganin fuskarta sosai. Kafin a matso kanta ta bushe. Sai a koma dabara: a Indiya wani ruwa mai suna gilisarin ake ɗigawa a ido, a nan wasu man zafi suke shafawa ƙarƙashin ido. Ruwa zai zubo, ido ya kaɗa ya yi ja, amma murya tana nan daram, numfashi bai sauya ba, kafaɗa ba ta motsa ba. Mai kallo yana jin akwai abin da bai yi ba, ko da ba zai iya faɗinsa ba.

Ki koma kan finafinan biyu, ki kashe sauti gaba ɗaya, ki zuba wa jarumar ido lokacin da abokin wasanta yake magana, ba lokacin da ita take yi ba. Gogaggiya saurare take yi da gaske. Za ki ga ta haɗiye yawu, ta kawar da kai, yatsunta suna murza bakin mayafi. Ɗayar kuwa fuskarta a tsaye take, jira kawai take a zo kan maganarta. A wurinmu, a nan ake gane jaruma, ba a wurin rawa ko yawan canza leshi ba.

Wani laifin kuma na edita ne. Idan ya saki kiɗan tausayi tun kafin a faɗi maganar mai zafi, ya riga ya tona asiri, zuciya ba za ta girgiza ba. Finafinai masu dogon zango sun fi faɗawa wannan ramin, saboda ana jan fitowar minti biyu ta kai goma don a cika sati.

Sai wani ɗalibi daga Kurna, ya ce sun yi musu da ƙanwarsa. Ita ta dage jarumar fim ce take rera waƙar cikin fim da bakinta.

Ɗan'uwa, kai ne da gaskiya. Waƙa ita ake fara yi a situdiyo, da mawaƙi da mawaƙiya. Ranar ɗauka sai a kunna ta a lasifika, jarumai su riƙa bin ta da baki, abin da 'yan fim suke kira mamin. Ana yin ta baiti-baiti, a sauya kaya, a sauya wuri, shi ya sa waƙar minti biyar take iya cinye yini guda. Idan ka ga baki yana gaba murya tana baya, ɗayan biyu ne: ko dai ba a ba jarumar waƙar da wuri ta haddace ba, ko edita ya zame wajen ɗora sauti a kan hoto. Salon daga Indiya muka ɗauko shi, inda Lata Mangeshkar, wadda ta rasu a 2022, ta shafe shekara sama da sittin tana yi wa jarumai mata waƙa. A nan ma waƙa tana ɗaga fim: Sangaya na 1999, wanda Fati Mohammed da Ali Nuhu suka fito, waƙarsa ce ta kai shi kowane lungu. A finafinan Indiya na fassara kuwa, irin na Algaita, hatta maganar ba ta jarumar ba ce, mai fassara ne ya ɗora. Ka ce wa ƙanwar taka ta jira rubutun ƙarshen fim, a nan ake jera sunayen mawaƙa. Sun cancanci a san su.

Wata Hajiya daga Yakasai ta ce ita tun tana budurwa take kallon Indiya, kuma tana ganin soyayyar finafinanmu ba ta da armashi, tunda ko hannu ba a riƙewa.

Hajiya, mun gode, Allah ya ƙara girma, amma a nan mun ɗan saɓa. Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ba ta yarda namiji da mace su taɓa juna a fim ba, kuma ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori jaruma Rahama Sadau a watan Oktoban 2016 saboda bidiyon waƙa da ta yi da mawaƙi ClassiQ. Wannan iyakar tana ƙara wa jarumarmu nauyin aiki. Abin da takwararta ta Mumbai za ta nuna da runguma, ita dole ta nuna shi da yadda take ajiye kofin ruwa a gaban baƙo, da daɗewar da take yi kafin ta amsa sallama, da ɗago ido sau ɗaya ta mayar. Darakta mai basira yakan ajiye su nesa da juna, ya ɗauki kowa shi kaɗai, ya bar shiru na daƙiƙa uku ko huɗu kafin a yanke. Inda abin yake lalacewa shi ne a cike gurbin da dogon zance na “ina sonki, ina ƙaunarki” har mutum ya gundura. Haka zance yake a zaurukan cikin gari, Hajiya kin fi mu sani: abin da ba a furta ba ya fi yawa.

Ta ƙarshe daga wani matashi a Sheka. Ya ce wata jaruma ta kwanta masa a rai, ya yi mata magana a Facebook ta amsa, yanzu tana neman ya tura mata kuɗin magani.

Kada ka tura ko sisi, ɗan'uwa. Shafukan bogi da sunan jarumai sun yi yawa, kuma su kansu jaruman sun sha fitowa suna gargaɗi. Ka duba ranar da aka buɗe shafin, ka nemi a yi kiran bidiyo kai tsaye, ka kuma sa lambar asusun a manhajar bankinka ka ga sunan da zai fito. Idan ya saɓa, ko aka fara kawo uzurin kyamara ta lalace, ka ɗauki hoton hirar, ka kai ƙarar shafin ga Facebook, sannan ka toshe shi.